Katin Mama Nafula

Gitonga ya iya ba da haƙuri. Shekara uku da wata huɗu yana aiko mana da shi ta waya, kowane wata da sabon salo, har da hotonsa ya dafe kai kusa da kofin kofi, wai don mu ga yadda abin yake cinsa. Ni dai ban taɓa ganin mutumin da damuwa take ci yana ƙara kumatu ba sai shi.

Wasan tebur ne ya ƙirƙira, ya sa masa suna Makanga, wato karen mota. Kowa yana riƙe da matatu ɗaya, wato motar haya, a jefa ƙwaya, a yi ta rige-rigen kwasar fasinja a kan taswirar Nairobi. A shagona na shayi da ke Ngara aka fara buga shi, da kwalin sabulu da murafen kwalba, duk ranar Asabar. Ba zan yi masa ƙarya ba, wasan da daɗi. Shi ya sa da ya ce zai buɗe karo-karo a intanet, mutane su biya tun yanzu, a buga a ƙasar waje a kawo musu cikin wata takwas, na yarda ya ɗauki bidiyon tallan a shagona. Ni ce a minti na biyu, da tsumman goge tebur a kafaɗa, ina cewa, “Sunana Kwamboka, na san yaron nan, ba ya saɓa alkawari.” Har yau in na tuna sai in ji kamar in shige ƙarƙashin kanta.

Mutum ɗari tara suka zuba kuɗi. Kuɗin na ƙaruwa, bakin Gitonga na ƙara faɗi. Ya yi alkawarin ƙananan motoci na ƙarfe, ya ƙara da jakar yadi, ya ce za a sa taswirar Mombasa a bayan allon. Daga ƙarshe ya fito da babban matsayi na mutum biyar kacal: ka biya kuɗi mai tsoka, a zana fuskar wanda kake so a kan kati, kuma kai za ka faɗi aikin da katin zai yi a cikin wasa.

A nan ne na jawo Mzee Barasa, wato dattijo Barasa, cikin abin, kuma wannan laifin nawa ne ni kaɗai. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana zuwa shagona buga dara. Matarsa Nafula ta yi shekara talatin tana sayar da shayi a tashar Muthurwa, ta rasu shekara ɗaya kafin wannan lokacin. Ni na zauna kusa da shi na ce, “Baba, ka ga dama. Mama za ta shiga gidaje ɗari tara, har ƙasashen da ba ta taɓa jin sunansu ba.” Daga baya ya aika ƙauye aka sayar masa da saniya. Da Gitonga ya tambaye shi me katin zai yi, bai yi wani dogon tunani ba. Ya ce duk motar da ta zo wucewa ta gaban teburinta dole ta tsaya, direba ya sha shayi, ya bar mata fasinja ɗaya. Gitonga ya rubuta yana dariya, ya ce an gama.

Daga nan aka shiga karatun uzuri. Masana'anta ta rufe don bikin sabuwar shekara. Launin ja ya fito ruwan goro. Jirgin ruwa ya canza hanya. Ruwan sama ya shiga kwantena. Akwai watan da ya ce shi kansa yana bukatar hutu saboda nauyin da muka ɗora masa, mu da muka ɗora masa kuɗinmu. In wani ya tambaya a shafin karo-karon, ko da cikin ladabi, sai 'yan koren Gitonga su taso masa: ku yi haƙuri mana, aikin fasaha ba tuyar mandazi ba ne. Wannan ta fi ƙona mini rai, domin ni mai tuyar mandazin, fanken nan namu, in na karɓi kuɗin mutum, kafin shayinsa ya huce abinsa yana gabansa.

Gitonga ya daina zuwa shagon. Masu wasan Asabar ma suka rage ɗaya bayan ɗaya, don ba wanda yake son shan shayi a gaban matar da ta tsaya wa mayaudari. Mzee Barasa kaɗai bai fasa ba. Zai jingine sandarsa, ya zauna, ya ce, “'Yata, maman taki ta iso?” Ni kuma in ce, “Tana hanya, Baba.” Bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wata Asabar ya ce mini 'yarsa ta gaji da ciwon gwiwarsa da hawan benen gidan haya, za ta mayar da shi garinsu Bungoma ranar Lahadi ta sama. “Ba dawowa, 'yata. In ta iso bayan na tafi, ki buga da ita ke. Tana son mutane.”

Ranar Juma'a na rufe shago da hantsi na hau mota zuwa Ruiru. Gitonga ya daina ɗaukar wayata, amma na san gidan mahaifiyarsa tun bikin ƙanwarsa. Niyyata in roƙi tsohuwar ta sa shi ya buga mini ko da katin nan ɗaya ne a shagon hoto. Na same ta tana tsince wake a tsakar gida. Muna gama gaisawa ta ce, “Kin zo kwashe ragowar kwalayen nan? Allah ya yi miki albarka. Shekara guda cur ba ni da inda zan zuba masarata.”

Na ce, “Waɗanne kwalaye, Mama?”

“Na wasan nan nasa mana. Ranar Laraba mota ta kwashi mafi yawa, saura kaɗan. Shiga, yana ciki yana ta fama da su.”

Na tura ƙofar ɗakin ajiya. Ga ɗan fasaharmu zaune a kan buhu, da reza a hannu ɗaya, na'urar busar da gashi ta ƙanwarsa a ɗayan. Kwalayen Makanga kamar arba'in a jere a jikin bango, sababbi ƙal, babu alamar ruwan sama ya taɓa ganinsu. A gabansa akwai babban baho na wanki, cike da kati, duk iri ɗaya: mace mai faɗin fuska da ɗankwali kore, tana riƙe da buta.

Ya miƙe har reza ta faɗi. “Yaya Kwambo! Ai da kin kira.”

“Na kira sau goma sha ɗaya. Wannan ne jirgin da ya canza hanya?”

“Zauna in yi miki bayani.”

“Yi a tsaye, ba daɗewa zan yi ba.”

Ga bayanin nasa. Katunan mutum biyar ɗin nan a makon ƙarshe ya tura su masana'anta, bai taɓa gwada ko ɗaya a kan tebur ba, saboda yana can yana zaɓen launin jakar yadi. Da kaya suka iso bara ya buɗe kwali ɗaya ya buga shi kaɗai, sai ya ga duk wanda ya ja katin Mama Nafula ya ci wasa. Ba sai ya motsa motarsa ba. Ya zauna kawai, kowa ya zo ya ajiye masa fasinja, kafin zagaye na huɗu an tashi. Wata takwas ya yi yana neman dabarar gyara ƙa'idar a ɓoye, ya kasa. Sauran wata huɗun ya yi su a ɗakin nan, yana yanka ledar kowane kwali, ya zare katin, ya manna farar takarda a kan sunanta a littafin ƙa'idoji, ya sake rufe ledar da iska mai zafi. Shi kaɗai yake yi, don kada wani ya sani.

Na ce, “Me ya hana ka rubuta layi biyu? Jama'a, na yi kuskure, ga kayanku, wannan katin ku ajiye shi gefe in kuna so.”

Ya dube ni kamar na ce ya fita tsirara. “Yaya, ba ki san masu sharhin wasanni ba ne. Bidiyo ɗaya za su yi su ce wasan farko daga nan ya zo a karye. Sunana ya mutu ke nan. Ba don kaina na yi ba, don masu ƙirƙira na ƙasar nan gaba ɗaya na yi.”

“Allah sarki, gwarzon ƙasa. Shi kuma tsohon da ya sayar da saniya fa?”

“Ai na yi tunaninsa.” Ya sunkuya ya ɗauko kati ɗaya daga bahon, ya goge shi a rigarsa. “Ki sa masa wannan a kwalinsa. Ƙauye zai koma, ina zai sani? Kowa ya samu abin da yake so. Ranar Litinin zan fitar da sanarwa cewa kaya sun iso lafiya, kin ga an wuce wurin.”

Ban karɓa ba. Na zaɓi kwali ɗaya da rezarsa ba ta kai gare shi ba, na ɗora a kafaɗa. Sannan na buɗe jakar cefanena na juye bahon nan a ciki gaba ɗaya. Yana ta cewa, “Yaya, kayan kamfani ne,” kamfanin da shi ne shugaba, shi ne masinja, ofishinsa kuma rumbun masarar uwarsa. Na yi wa tsohuwar sallama na fito.

A mota na rubuta wa tsofaffin 'yan Asabar cewa Makanga ya iso shagona, gobe ƙarfe uku. Ban ƙara komai ba. Washegari mutanen da suka yi shekara suna tsallaka titi don kada mu haɗa ido suka cika mini shago, kowa da murmushinsa. Na ba Mzee Barasa wuƙa ya yanka ledar da hannunsa. Ya bi katunan ɗaya bayan ɗaya har ya kai gare ta. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Sun rage mata hanci. Amma ita ce.”

Aka zauna mutum huɗu. Chebet, wata ma'aikaciyar jinya da ba ta taɓa cin kowane wasa a shagona ba, ita ta ja katin a zagaye na farko. Ta kafa teburin shayi a mahaɗar Muthurwa ta naɗe hannu. Ondieki, wanda yake ɗaukar kowane wasa kamar shari'a, ya zo wucewa da mota cike, aka tsayar da shi. Ya zagayo, aka sake tsayar da shi. Minti goma sha biyu aka yi, fasinjojin Nairobi duka suka taru a gaban Chebet.

Ondieki ya jefar da ƙwaya. “Wannan ai fashi ne! Shekara uku muna jira don wata mai shayi ta tare hanya? Wa ya gwada wannan abin?”

Sai muka ji Mzee yana dariya. Ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba, har da tari, har yana dukan tebur, hawaye na bin kumatunsa. “Haka take! Wallahi haka take! Direban da ya wuce bai tsaya ba, gobe sai ya zo da ban-haƙuri. Ɗana, kai ma da ka san ta da ka tsaya.” Ondieki ya cire hularsa. Aka sake bugawa sau biyu, duk wanda ya ja ta ya ci, Mzee kuma yana ta ba da labarin direbobin da ta ladabtar.

Da mutane suka fara watsewa ya kira ni da hannu. Fuskarsa a sake take, rabon da in gan ta haka tun matar tana raye.

“'Yata, yanzu ke nan a gidaje ɗari tara haka take tsayar da su? Har can ƙasashen Turawa?”

Ƙarya tana nan a bakina, a shirye, kuma na san da na faɗe ta zai hau motar Bungoma da farin ciki. Amma na gaji da zama bakin Gitonga. Na shiga bayan kanta na ɗauko jakar cefanen, na ajiye a gabansa, na gaya masa komai: rezar, bahon, farar takardar da aka manna a kan sunanta. Na ce a duk duniya kwalinsa ne kaɗai za a buga da ita a ciki, kuma ni ce na sa shi ya sayar da saniyarsa.

Ya buɗe jakar ya leƙa, ya sa hannu ya daidaita waɗanda suka lanƙwashe, ya ɗaure bakinta da kyau. Ya ɗaga ta ya ji nauyinta.

“Ranar da ta rasu ma haka suka miƙo mini kayanta a asibiti,” in ji shi. “A jaka.”

Ya ɗauki sandarsa, ya rungume jakar a ƙirji ya fita. Kwalin wasan ya bar mini shi a buɗe a kan tebur.