Madubin Hannun Dama

Renske tana naɗe 'yan motocin da auduga tana jera su a kwali don baje kolin yau, sai hannunta ya kai kan koriyar, ta tsaya cak.

Duk ƙauyen Aldwier babu wanda bai san wannan 'yar motar ba. Tun da mijinta Auke ya ajiye aikin gyaran famfo, ba shi da abin yi sai sayo motocin roba guntu-guntu a kwali, ya haye ɗakin sama da hantsaki da gam da fenti, ya yini yana haɗawa. Wasu suna bin yadda aka zana a takarda, su gama su tashi. Auke kuwa ina! Sai ya yanke nan, ya kankare can, ya sa tsatsa inda tsatsa take ci, har mota ta fito kamar an sha wahala a cikinta. Koriyar nan, wadda ba ta fi tafin hannu ba, tsohuwar motarsu ce ta gareji, sak. Kuma yana da wata ɗabi'a da ake tsokanarsa a kanta: duk abin da ya sami babbar, sai ya sami ƙaramar. Shekarar da Renske ta goga ƙofar baya da turken coci, kafin mako ya zagayo tabon ya bayyana a jikin 'yar motar, aka kai ta baje kolin shekara, gari kaf ya sha kallo. Har yau ba ta gama yafe masa ba.

Yau ga sabon tabo. Madigadin gaba na dama ya lotsa, madubin gefen babu shi, sai ɗan kututturensa. A tsakiyar lotsewar kuma an ja wani layin fenti rawaya, siriri kamar zare.

Keke rawaya ɗaya ne a Aldwier, na Marrit, nas ɗin da ke zagaya gidajen tsofaffi tana yi musu allura da wankin miki. Ranar Alhamis da safe, cikin hazon teku, wata mota ta buge ta a hanyar da ke bin ganuwar da ke tare ruwan teku, ba ta tsaya ba. Wani manomi ne ya tsince ta a gefen rami. Tana asibitin birni, har yanzu ba ta farfaɗo ba. A safiyar Alhamis ɗin nan Auke ya fita sayen burodi, ya daɗe, ya dawo hannu biyu.

Renske ta sauka a hankali ta shiga gareji. An lulluɓe motar da tamfol, abin da Auke ba ya yi sai lokacin ƙanƙara. Ta ɗaga gefen dama. Ba ta buƙaci kunna fitila ba. Mijinta bai taɓa ƙari a aikinsa ba, bai kuma taɓa ragi ba.

Ta same shi a kicin yana shafa man shanu a burodin sukari, ya sa rigar ƙungiyarsu ta masu haɗa 'yan motoci, ya taje farin gashinsa. Ta tambaye shi abin da ya sami motar. Nan da nan fuskarsa ta haɗe. Ya ce wani mara mutunci ne ya goge masa ita a inda ake ajiye motoci, ko a gaban kanti ne ko a ina ne ma, shi dai ya dawo gida ya gan ta haka. Ya rufe ta ne don kunya, ranar Litinin zai kai wa bakanike.

"Ta wace hanya ka bi ranar nan?"

Ya dube ta, wuƙar tana hannunsa. Ta ga yana lalube a cikin kansa kamar mai neman maɓalli a aljihun da ya huje. Can sai ya yi murmushi, ya ce, "Kin ga rawayar nan ta jikin ƙaramar kuwa? Sai da na yi ta gauraye kafin ta fito daidai. Ba rawayar mota ba ce, ta fi haske."

Ba ƙarya yake yi ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan. Tun bara abubuwa suke zame masa. Ta taɓa tsintar tabaransa a cikin firij. Wata rana ya kira ta da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Likita ya ce a kawo shi a duba, Renske ta yi ta ɗaga ranar, yau mura, gobe baƙi, domin ta san ana gama dubawa za a karɓe masa lasin tuƙi, mutumin da ya fi son motar nan da abincinsa. Hannuwansa ne kaɗai ba su manta komai ba. Ita ce ta bar masa maɓalli a rataye a bakin ƙofa, ta kuma san haka sarai.

Ta koma sama, ta naɗe koriyar a hankici, ta tura ta cikin jakarta ta hannu. Sauran ta rufe kwalin a kansu. Da Auke ya ce su ɗauki mota saboda hadari ya haɗo, ta ce ƙafarta tana son tafiya. Suka ɗora kwalin a bayan kekenta, tana turawa yana riƙe da shi, yana ta mita a kan yadda take bi ta kan duwatsu. A hanya tana ta lissafi. Ɗan yayarta yana da garejin gyara a can wani gari mai nisa, ba shi da yawan tambaya. Idan aka ja motar can, aka buge madigadin, aka sa madubi, shi ke nan. Auke kuwa cikin wata guda zai manta an taɓa yi.

Zauren gari ya cika da warin kofi da jiƙaƙƙun riguna. An jera tebura da farin ƙyalle, tsofaffin maza sun sunkuya a kan 'yan motocinsu suna hure ƙura, matansu a gefe suna yanka kek. Amma surutun bana ba irin na kullum ba ne. Ko'ina ka juya sunan Marrit ne, ana faɗinsa ƙasa-ƙasa. Matar mai gidan burodi ta ce an kira iyayenta daga kudu, kuma ba a kiran iyaye a banza. Wani ya ce baƙo ne, cikin masu zuwa yawon buɗe ido, ɗan gari ba zai yi haka ba. Auke yana jera motocinsa ya girgiza kai, ya ce yarinyar da ta yi jinyar mahaifiyarsa har ƙarshe, duk wanda ya bar ta a rami ya wuce ba mutum ba ne. Renske ta ajiye kofin hannunta a kan faranti.

Alƙalin gasar bana Douwe ne, ɗan sandan yankin, ƙato mai sanƙo, wanda Auke ne ya koya masa riƙe buroshin fenti tun yana saurayi. Ya zo ba kayan sarki, da 'yar tocilarsa ta leƙen cikin motoci, idanunsa sun yi ja don rashin barci. Ya gaishe da Renske, ta tambaye shi ko an sami wani abu. Ya ce babu wanda ya ga komai a hazon nan. Abin da suka tsinta kawai madubin gefe ne, baƙi, ya faɗa cikin ciyawa, sun aika birni a gano na wace irin mota ne. Ya ce abin da ke hana shi barci shi ne mutumin yana nan yana yawo a kan titi.

Sai ya dubi teburin, ya ga gurbin da ke tsakiya.

"Kai, Auke, ina tsohuwa? Ko Renske ta sake goga ta, kana jin kunyar nunawa?"

Na kusa suka yi dariya. Auke ya kwashe audugar kwalin duka, ya zazzage shi, ya duba ƙarƙashin tebur. Renske ta ce mai yiwuwa an manta ta a gida, ba komai, bana a huta. Ya dube ta kamar ta zage shi. Tun da aka fara baje kolin nan koriyar ba ta taɓa fashi ba, kuma bana ne ma ya yi mata aikin da yake so a gani. Ya ɗauki hularsa.

"Bari in je in ɗauko. Zan dawo a mota, ruwa ya sauko. Dama ina so in sha mai, gobe ni zan ɗauko Sanne a tashar jirgi."

Sanne 'yarsu ce, ita kaɗai suka haifa, kuma hanyar tashar jirgi ita ce hanyar ganuwa. Renske ta dubi taga. Ruwa yana zuba, gilashin ya yi dishi-dishi, ta cikinsa tana hango mutane a kan kekuna suna tahowa zauren, kawunansu a sunkuye cikin rigunan ruwa, ba mai duba bayansa. Ta riƙe hannun rigarsa ta ce ya bari ruwan ya tsagaita. Ya fizge a hankali, ya ce tun kafin ta iya dafa ƙwai yake tuƙi a cikin ruwa. Yau ta iya tare shi da dabara, gobe ma wataƙila. Amma maɓalli yana bakin ƙofa, kuma ita ma takan yi barci, takan shiga wanka. Tana son mutumin nan, son da ya sa ta yi ta ƙarya ga likita, kuma a tsaye a wurin ta ji tsoronsa ya kama ta har cikin ƙashi.

Ya kai bakin ƙofa ta kira sunansa. Ta buɗe jaka, ta warware hankicin, ta ajiye 'yar motar a gurbinta. Ta sa yatsa ta juya ta, gefen dama ya fuskanci Douwe.

Auke ya dawo yana faɗa, wa ya ce a sa mota a jaka tare da maɓallai da kwalbar turare. Douwe yana dariya ya sunkuya, ya kunna tocila. Ya yaba lotsewar, ya tambayi yadda aka yi ta. Auke ya manta da fushi, ya shiga bayani: ya kankare robar daga ciki har ta yi siriri, ya ɗumama ta, ya danna da bayan buroshi. Douwe ya ce aiki ya yi kyau, sai dai dole ya rage maki, don madubin dama ya karye a jaka.

"Bai karye ba," in ji Auke. "Ni na cire. Ai babbar ma ba ta da shi."

Hasken tocilar ya tsaya a kan layin rawaya, ya daɗe a wurin. Renske tana jin ƙarar cokula a bayanta, da ruwa a kan rufi. Douwe ya kashe tocilar, ya miƙe a hankali. Bai dubi Auke ba tukuna, Renske ya duba, ita kuma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Auke," ya ce, muryarsa ƙasa sosai, "yaushe babbar ta rasa madubinta?"

Auke ya juyo wajen matarsa yadda ya saba yi a 'yan watannin nan idan an tambaye shi sunan wani ko ranar wata.

"Renske, yaushe ne ma?"

Ta kama hannunsa, har yanzu da ɗigon rawaya a gefen farcensa.

"Ranar Alhamis," ta ce. "Da safe."