Sawu Biyar a Dusar Katako

Kafintan yana tsakiyar yanka katako sai ya ji shagon ya yi tsit ta bayansa. Shirun yaro ɗan wata goma sha huɗu kuwa ba abin yarda ba ne, don haka ya ajiye zarto ya waiwaya.

Ɗansa, wanda suke kira Lukuti saboda kumatunsa, ya saki ƙafar bencin da ya saba dafawa. Yana tsaye shi kaɗai, hannuwa a sama. Ya ɗaga ƙafa ya sauke, ya sake ɗagawa. Taku biyar ya yi zuwa wajen wani guntun katako, sannan ya zauna daɓas, ya ɗauki guntun ya kai baki.

Kafintan ya sure shi, ya ƙwace guntun, yana dariya har da ƙwalla. Bai gama murnar ba matarsa ta faɗo masa a rai.

Malamar makaranta ce. Da safe take barin yaron a shagon, wanda yake jikin gidansu, sai la'asar ta dawo. Haƙorin farko uban ne ya gani. Zama ma a gabansa aka fara. Ranar rarrafe kuwa, direban da ke kawo katako ne ya tare ta da labarin a bakin ƙofa. Ta yi dariya a lokacin, amma da ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Tun daga nan kullum ta dawo, ko jaka ba ta ajiyewa take durƙusawa ta miƙa hannu tana yi wa yaron ta-ta-ta, ko zai tako. Ta sha cewa, "Kun cinye sauran, ku bar mini tafiya. Wannan kam tawa ce."

Ya dubi ƙasa. Dusar katako ta lulluɓe simintin, ga sawu biyar ƙanana kwance a kai raɗau, har yatsun sun fito.

Ya ɗauko tsintsiya. Ja ɗaya zai shafe sawun. Yau ko gobe yaron zai sake takawa a gabanta, ta yi murnarta, shi kuma ya taya ta. Wa aka cuta? Ya juya tambayar ta kowane ɓangare bai ga wanda aka cuta ba. Amma ya san halin matarsa. Za ta yi shekaru tana ba da labarin nan, ta ba ƙawayenta, ta ba yaron idan ya girma, kuma duk sa'ad da ta kai ƙarshe sai ta juyo ta ce, "Ko ba haka aka yi ba, Baban Lukuti?" Shi kuma ya ce haka ne. Ya sha ganin kujerar da aka rufe tsagarta da fenti. Kowa zama yake a kai hankali kwance, ban da wanda ya shafa fentin.

Ya mayar da tsintsiyar. Ya zaro babbar durowa daga wani kabad da ya gama haɗawa, ya kifa ta a kan sawun. Haka ya wuni yana kewaye ta.

Da la'asar ta shigo da alli a gefen hannun rigarta.

"Ina Lukutin nawa? Ya yi rigima?"

"Zo ki ga wani abu tukuna," in ji shi. Ya ɗaga durowar.

Ta dubi ƙasa, ta dube shi. Sai ta durƙusa, ta bi sawun da yatsa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta taɓa ba.

"Yaushe?"

"Wajen ƙarfe goma sha ɗaya."

"Ina can ina fama da 'ya'yan mutane a kan bakwai sau takwas." Ta nuna wani faffaɗan shaci a ƙarshen sawun. "Wannan fa?"

"Nan mai girma ya sauka."

Dariya ta kuɓuce mata, ta goge ido da bayan hannu. Can ta ce, "Da ka share, ai ba zan taɓa sani ba."

"Har tsintsiyar na ɗauka."

"Me ya hana ka?"

"Tambayar da za ki riƙa yi mini a gaban mutane."

Ta daɗe tana kallonsa, kamar za ta yi fushi, kamar ba za ta yi ba. Sannan ta juya ga yaron ta miƙa hannu. "To, maci amana, zo ka maimaita wa uwarka." Lukuti ya washe baki, ya kifa hannuwa ƙasa, ya nufo ta da rarrafe a guje. Ta cafe shi kafin ya kai ga sawun.

"Mayar da durowar nan," ta ce. "Kada a share wurin sai na ce."

"Mai kabad ɗin gobe zai zo ɗauka."

"Sai ka yi masa wata. Ba kafinta ba ne kai?"