Shelar Magani Kyauta

Ranar Larabar da Malam Ɗanjuma ya karanta takardarsa a wani ajin firamare a Kontagora, a ranar aka warware matsalar rashin lafiya a ƙasar nan baki ɗaya. Abin da ya rage kawai shi ne a sanar da gwamnati.

Malam Ɗanjuma malamin sakandare ne, ya yi jami'a a Zariya, kuma ba ya barin a manta. Takardar shafi goma sha ɗaya ce, bugun tafireta, za a aika da ita Sakkwato inda gwamnatin jiha take a lokacin. Hujjarsa kuwa ba ta da aibu. Ya ce tunda kowa na biyan haraji, a ware wani abu daga ciki, duk wanda ya kwanta ciwo a yi masa magani ba tare da an leƙa aljihunsa ba. Ya jero waɗanda za su ci riba. Manomi ba zai sayar da dawarsa tun tana gona ba saboda ciwon iyalinsa. Ɗan kasuwa zai samu mai saye da sauran kuɗi a hannu. Mai karɓar haraji ma zai tarar da mutanensa a tsaye, don ba a karɓa a maƙabarta. Shaba mai kemis, da ke zaune a gaba, ya fi kowa tafi, saboda ya riga ya gane cewa gwamnati ba ta ƙera allura, saye take yi, kuma a hannun wani za ta saya.

Don ajin ya cika, Malam Ɗanjuma ya biya mai shela ya zaga da ganga ranar kasuwa. Mai shela bai ƙara ba, bai rage ba: a zo a ji Malam Ɗanjuma kan magani kyauta ga kowa. Sai dai mutanen ƙauye sun san gangar nan. An buga ta don haraji, haraji ya zo. An buga ta don ƙidaya bara, aka zo aka ƙirga su har da jarirai. Ba su taɓa jin an buga ta don abin da bai wuce fatan alheri ba.

Bayan kwana shida wata motar kaya ta sauke wani manomi daga ƙauyen Dukku na ƙasar Kontagora, sunansa Ladan, da matarsa Lahadi. Fartanya ce ta sare ta a ƙafa tun wata guda, ƙafar ta kumbura har ba ta takawa. Suna ɗaya suka sani a garin, don haka aka nuna musu gidan Malam Ɗanjuma.

Gwaggo Turai ce ta tarbe su, ƙanwar mahaifin Malam, wadda ke zaune a ɗakin baya tana matsar man gyaɗa. Ta dubi ƙafar sau ɗaya, ta shimfiɗa wa Lahadi tabarma a inuwa, ta ɗora ruwa a wuta.

"Ranka ya daɗe, saura kaɗan in sayar da san nomana," in ji Ladan da Malam ya fito. "Har dillali ya taya. Sai ƙanena ya dawo daga kasuwa ya ce in dakata, an buga ganga."

Ya bayyana cewa sa ɗaya gare shi, ƙanensa ma ɗaya, su suke haɗawa su ja garma. In nasa ya tafi, gonaki biyu ne za su kwana ba huɗa, ga damina ta ƙarato.

Fuskar Malam Ɗanjuma ta yi haske. "Ai kai ne shafi na huɗu," ya ce. Ya shiga ya ɗauko takardar ya karanta masa shafin. Ladan ya saurara da ladabi, yana gyaɗa kai a inda ya dace.

"To ina za mu je mu karɓa?" ya tambaya.

"Shawara ce tukuna. Sai Sakkwato ta amsa."

"Yaushe za ta amsa?"

"Ban aika ba. Ina gyara sakin layi na ƙarshe."

Daga bakin murhu Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, in ka gama karanta wa ƙafar, ka nemo mana mai keke ya kai ta asibiti."

A asibiti likita ya tsaga ƙafar ya wanke, ya rubuta allura goma sha huɗu, ya ce in an yi wasa ƙafar za ta tafi. Irin allurar ta ƙare a wurinsu, sai a kemis. Shaba ya faɗi kuɗin da naira. Ladan ya roƙa a mayar masa da shi fam da sule yadda zai gane. Aka mayar. Ya daɗe yana kallon kwalaben da ke kan kanta.

Malam Ɗanjuma ya tuna wa Shaba irin tafin da ya yi.

"Malam, har gobe ina bayanka," in ji Shaba. "Ranar da Sakkwato ta amsa, ka zo da mota ka kwashe shagon."

Albashin Malam kuwa ya riga ya tafi a takarda, da mai buga tafireta, da mai shela. Ladan ya ce ba komai, gobe zai bi motar safe ya koma ya nemi dillalin.

Washegari Ladan ya tafi tasha. Da hantsi kafin mota ta cika, Gwaggo ta yafa gyalenta ta fita da wani gwangwanin madara a ƙarƙashin hammata. Shekara biyu tana jefa cinikin ƙuli-ƙuli a ciki don ta sauya kwanon ɗakinta da ke yoyo. Ta dawo da ƙunshin allura, ta aika aka kira Ladan daga tasha.

"An biya," ta ce masa.

"Gwamnatin ce, Inna?"

"Kai dai riƙe sanka."

Bayan mako biyu Lahadi ta taka da ƙafarta zuwa tasha. Ladan ya durƙusa ya yi wa Malam Ɗanjuma godiya mai tsawo, ya ce zai gaya wa mutanen Dukku ganga ba ta yi ƙarya ba. Malam ya karɓi godiyar cikin tawali'u. Ya koma ɗaki ya ƙara shafi na goma sha biyu, inda ya kawo misalin wani manomi da aka yi wa matarsa magani bai biya ko kwabo ba, ya tsira da sansa, gonaki biyu suka tsira, abin da ke nuna tsarin zai yi aiki.

Ruwan farko ya sauko da la'asar ɗin wata Asabar, yana cikin karanta wa Gwaggo shafin daga bakin ƙofarta. Ta ce ya yi daɗi. Sannan ta ja gadonta zuwa jikin bango, ta ajiye roba a gurbinsa, inda kwanon ke yoyo.