Kujerar Bakin Ƙofa

A shekarar 2018 Halliru ya fara zuwa Dubai. Ni lokacin ina zaune a wani ɗan ɗaki bayan ofishin kargo a Al Rigga, ina raka baƙin 'yan kasuwa shaguna, ina yi musu tafinta da guntun Larabcina. Halliru ɗan maƙwabcina ne a Fagge, yana da teburin yadi a Kantin Kwari. Ya sauka da sabuwar hula kube mai ruwan ƙasa, da kuma sautu. Gwaggonsa Jummai, wadda ta raine shi, uwar adashi ce. Matan layinsu sun haɗa kwasarsu sun damƙa masa ya saro musu abaya da mayafai kafin Sallah.

"Baba Dikko, kuɗin nan da su nake matashin kai," in ji shi. "In kwabo ɗaya ya yi ciwon kai, Gwaggo ba za ta sake fita tsakar layi ba."

A zauren otal ɗinsu akwai wani Labaran da ba ya rabuwa da wurin. An ce dā ɗan kasuwa ne, ya zo saro kaya bai koma ba. Abin da ya daɗe yana ɗaure min kai game da shi ƙarami ne: kullum cikin shadda mai kyau, takalmi a goge, amma kansa ba hula. Duk baƙon da ya sauka, kalma ɗaya yake tarbarsa da ita: "Ɗan'uwa, yaushe a gari? Ka ci abinci kuwa? Yalla, zo ka ga 'yan gida."

Halliru ya bi shi. Washegari ya zo min da kwalbar turare, bakinsa ya ƙi rufuwa, wai ya yi sa'a a wurin. Daga nan sai kwanaki suka yi ta tafiya ba mu taka kasuwar yadi ta Bur Dubai ba. Kullum gobe. Da na matsa, ya ce wani wasan kati ne ake yi a wani gidan haya a Al Karama, sunansa poka.

"Caca kenan, Halliru."

"Haba Baba, ba irin kartar tasha ba ce. Kamar adashi ne. Kowa ya zuba a tsakiya, mutum ɗaya ya kwashe. Yau wancan, gobe wannan. A ɗakin Gwaggo na tashi, ban taɓa ganin wanda ya yi zubi aka hana shi kwasa ba."

"Da kuɗin wa kake zubin?"

Ya sunkuyar da kai yana gyara zaman hularsa. "Na riga na zuba da yawa. Tawa ce ta kusa. In na tashi yanzu, na bar wa wani kwasata kenan."

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci na ce ƙafata ƙafarsa.

Waje rana kamar za ta narkar da kwalta, amma cikin ɗakin labule a sake, sanyin na'ura har cikin ƙashi, ba agogo a bango. Tebur ne mai koren mayafi, mutane zagaye da shi, kowa da tarin 'yan fayafayen roba masu launi a gabansa, su ne a madadin kuɗi. Labaran ya ja wa Halliru kujerar da ke bakin ƙofa. Ni aka ba ni ta roba a kusurwa.

Ban gane wasan ba, don haka na shiga kallon abin da ba wasa ba. Mai raba katin wani siririn mutum ne da ban ji muryarsa ba ko sau ɗaya. Kusa da hannunsa na dama akwai 'yar tsaga a jikin teburin, kamar bakin asusu. Duk zagaye, kafin ya tura wa wanda ya ci tarinsa, sai ya zare faifai ɗaya ya sake shi a tsagar. Ƙwas. Ba mai waiwayawa. Wanda ya ci yana murna, wanda aka ci yana cizon yatsa, asusun kuwa yana haɗiya.

Sai idona ya kai saman kabad. Huluna ne a jere: kube, zanna, dara, har da wata damanga da ta koɗe. Iskar na'ura na taɓa su suna ɗan motsi, kamar mutane ne a sahu suna gyaɗa kai.

Na yafito Labaran. "Waɗannan na su wa ne?"

"Mantuwa ce, Baba. In wasa ya yi zafi mutum ya cire hula ya ɗora a gwiwa. In ya tashi, ta faɗi ƙarƙashin tebur. Mai shara ke tattarawa."

"Ba sa dawowa ɗauka?"

"Wa zai dawo?"

Na dubi kansa. Ya kau da fuska, ya ce bari ya duba shayi.

A can ƙarshen teburin akwai wani Fahad, mutumin Kaduna, akanta ne a wani kamfani. Shi kusan duk katin da aka ba shi sai ya leƙa ya mayar, ya naɗe hannu kamar mai jiran mota. Amma tarinsa ba ya raguwa. Da la'asar ta yi ya tashi zuwa alwala, na tare shi a lungun kicin.

"Ɗana, na ga kai ba ka cika wasa ba, kuma kai ke da tari. Daga ina ribar take zuwa?"

Ya yi 'yar dariya ba daɗi. "Baba, kati ba shi da aljihu. Ka ga mu huɗun nan da ba ma canjawa? Da mu kaɗai za mu zauna, yau na ci nasu, gobe su ci nawa, ramin can yana gutsura duk zagaye, kafin wata ya ƙare duk mun tashi hannu wayam. Mu ma gidan cin mu yake. Sai an samu mai zuba sabon ruwa."

"Wa ke zubawa?"

Ya nuna da haɓa. "Kujerar bakin ƙofa. Mai ita ba ya iya haƙura ya ajiye kati, gani yake kowane zagaye nasa ne. Ni jira kawai na iya. Ramin ya ɗauki nasa, mu ɗauki saura."

"Yaron nan amanar mata ce a hannunsa."

"Duk wanda ya zauna a nan amanar wani ce a hannunsa, Baba. Ni ban taɓa tambaya ba." Ya naɗe hannun riga ya buɗe famfo.

Na koma na durƙusa kusa da Halliru, na yi ƙasa da murya. "Tashi mu tafi da abin da ya rage. Adashin Gwaggonka kowa ya san bayan wa yake, kuma sau ɗaya take ɗaukar ladanta. Nan ba wanda ke riƙe maka layi. Uwar adashin nan duk zagaye take ci."

"Baba, shwaiya, bi a hankali mana, kada ka kore min sa'a." Gumi ne a goshinsa cikin wannan sanyi. Ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

Fahad ya dawo da danshin alwala a fuska. Aka raba. Halliru ya leƙa katinsa, idonsa ya kawo haske, ya sa hannu biyu ya tura duk abin da ke gabansa tsakiya. "Ga ta nan ta zo," in ji shi. Kowa ya ajiye, ban da Fahad. Aka buɗe. Ban san abin da katin ya ce ba, amma na ga inda siririn mutumin ya tura tarin. Kafin ya tura, ƙwas.

Halliru ya miƙe ya fita. Na bi shi da sauri har titi, sai a can na lura kansa ba komai.

Jirginsa ya tashi ba shi. Ya bar otal, ya canja lamba. Sallah ta zo ta wuce. Gwaggo Jummai ta yi ta turo min saƙon murya, tun tana tambayar kaya har ta daina. Na ƙarshen cewa ta yi: "Malam Dikko, na sayar da abin da zan sayar, na sallami mata. Ka ce masa ya dawo ko da rigar jikinsa ce."

Sai bayan watanni na gan shi, a zauren wani otal a bayan tashar jirgin ƙasa ta metro. Shadda mai kyau, takalmi a goge. Na isar masa da saƙon kalma da kalma.

"Da wane ido, Baba? Gidan katin suna ba ni ɗan kaso a kan duk baƙon da na kai. In na haɗa na Gwaggo, inshallah, zan koma."

"Labaran ma haɗawa yake yi?"

Sai lif ya buɗe, wani mutum ya fito da jaka rungume a ƙirji da sabuwar zanna a ka. Halliru ya tare shi da fara'a. "Ɗan'uwa, yaushe a gari? Ka ci abinci kuwa? Yalla, zo ka ga 'yan gida."

Na riƙe hannun baƙon na ce masa caca ce, kada ya je. Ya yi murmushi, ya zare hannunsa cikin ladabi. "Kallo kawai zan yi, Baba."

Na tsaya a bakin gilashi ina kallon bayansu cikin rana, kai ɗaya da hula, ɗaya babu, har zafin titi ya narkar da su. A bayana wani ya jefa kwabo cikin injin sayar da ruwa. Ƙwas. Har yau ban san abin da zan gaya wa Gwaggo Jummai ba, saƙonta yana nan cikin wayata.