Ni Ba Na Son Yara

Zulkifilu ya ce ran Asabar zai sa ni a mota a tashar Jabi. Autana ne, yana sayar da tayil a Dei-Dei. Matarsa ta haifi na huɗu, gidan ɗaki biyu ne, sai ni na zama kayan da ba a san inda za a ajiye ba.

"Inna, ki koma gida ki huta," in ji shi.

Gidan da yake faɗi bangonsa ya zube tun daminar bara waccan, sa'o'ina kuwa duk suna maƙabarta. Hutun ke nan.

Ran Laraba Felicity, maƙwabciyarmu mai kitso, ta ce akwai gidan renon yara a Gwarinpa suna neman mace, har da ɗakin kwana a baya. Na ce a raina, in na sami ɗakin nan, ni da motar Jabi sai dai mu gaisa daga nesa.

"Amma Mama, sai an yi intabiyu."

"Mene ne shi?"

"Za su zaunar da ke su yi ta tambaya."

"Ai na yi wannan da uwar mijina shekara ashirin."

Ta ce wannan da Turanci ake yi. Ta koya mini magana uku: ai lob cildiren, ai am hadwokin, ai kan wok onda fresha. Ta farko wai ina son yara, ta biyu ina da ƙwazo, ta uku ko an matsa mini zan yi aiki. Kwana biyu ina wanke-wanke ina ai lob, ina shara ina ai lob, har matar Zulkifilu ta fara yi mini kallon mai zazzaɓi. Felicity ta kuma sa aka buga mini takardar neman aiki, aka rage mini shekara sha biyar. Ban ji sauƙin komai a gwiwata ba.

Ran Juma'a da safe na isa. Mata tara a kan benci, duk farar riga da baƙin siket, kowacce da fayil a cinya, kamar tela ɗaya ya yanka su. Na zauna a ƙarshe da atamfata da mayafi. Ta kusa da ni, Joy sunanta, ta dube ni sama da ƙasa.

"Mama, kin kawo yarinyarki ne?"

"Na kawo kaina."

"Ah ah! Su kaka ma sun shigo layi."

"Ke dai riƙe fayil ɗinki kada ya faɗi."

Ƙofar ofishin ba ta rufuwa sosai. Ta farko ta shiga, na kasa kunne. Ai lob cildiren. Ta biyu ta shiga. Ai lob cildiren, onda fresha. Ta uku ma haka. Ashe abin da na kwana biyu ina haddacewa, Abuja kaf an raba wa kowa. Su kuma ga ƙuruciya, ga haƙora cikakku.

Ba ma wannan ya hana ni zama ba. Tun da na shigo akwai jariri yana kuka a can ciki. Na gyara zama, na sake gyarawa. Na miƙe na leƙa taga, na dawo. Kukan yunwa yana da hutu, yaro ya ja ya tsaya ya saurara ko abinci na zuwa. Kukan barci ƙasa-ƙasa yake yi. Wannan kuwa tsini gare shi, ba ya sauka, sai ya shiɗe ya dawo. Na dubi matan nan masu son yara, kowacce tana motsa baki tana bitar karatunta.

Ni ce ta ƙarshe. Mai gidan renon, Madam Perpetual, doguwa ce mai tabarau, ta gaji har ta cire takalmi a ƙarƙashin tebur. Ta dubi takardata, ta dube ni.

"Mama, wai shekarunki hamsin?"

"Haka takarda ta ce. Ni ban iya karatu ba."

Ta danne dariya. "To, gaya mini, don me zan ɗauke ki?"

Na buɗe baki. Ai lob ya zo har bakin haƙorina. Sai yaron nan ya sake callara ƙara, na ji ta har cikin ƙashin bayana.

"Madam, ni ba na son yara."

Ta cire tabarau.

"Na haifi tara, na raini na mutane ban san iyaka ba. Sun cinye mini barci, sun cinye mini baya. Ba na son su, sanin su na yi. Wancan da yake kuka tun da na zo, wani abu ne yake cin sa a jiki. Ki yi haƙuri, ba zan iya zama ba."

Na tashi na bi kukan. Ina ji tana neman takalminta tana kira, "Mama! Mama, ba a shiga nan!" Na riga na shiga.

Wata ma'aikaciya, Miriam, tana ta jijjiga shi, gumi ya jiƙa ta. Ta ce ta ba shi madara ya ƙi, ta canza masa famfas, jikinsa ba zafi. Na karɓe shi na kwantar a cinyata, na tuɓe shi tas. Na duba hammata, na duba wuya, na duba bayan kunne. Na zare safar ƙafar hagu, sai ya ƙanƙame. Ɗan yatsan tsakiya ya kumbura ya yi ja kamar attarugu. Silin gashin kanti ne, irin wanda ake ƙarawa a kitso, ya naɗe yatsan har ya nutse cikin fata.

Na ce a ba ni man shafawa. Na ciro fil daga gefen mayafina, na sa gindinsa a hankali na ɗago silin, na warware, zagaye huɗu. Ya yi ƙara ɗaya, sai ajiyar zuciya, sai shaƙuwa. Kafin in mayar masa da riga ya yi barci da bakinsa a buɗe.

Na ɗaga silin sama, dogo, mai ruwan zuma. Ban kalli kan Miriam ba. To, na ɗan kalla.

"A riƙa ɗaura ɗankwali," na ce, "a riƙa juya safa kafin a sa. Uwarsa kuma ta kai shi a duba yatsan."

Madam ta ce, "Za mu kira." Ni ko waya ba ni da ita, lambar Felicity ce a takardar.

Ran Asabar tun da hantsi jakata tana bakin ƙofa. Na shiga bayi sau uku. Na ce na manta carbi, na ce takalmina ya tsinke. Zulkifilu ya ɗaure jakar a bayan babur yana duba agogo. Dabarata ta ƙare, na ɗaga ƙafa zan hau.

Sai ga Felicity a guje, mataji a hannu, wadda take yi wa kitso tana biye da rabin kai a tsefe.

"Mama! Madam ce!"

Na kara wayar a kunne.

"Mama, ki zo yau, ɗakin yana nan. Amma abu ɗaya. In iyaye sun tambaye ki, don Allah kada ki ce ba ki son yara."

"To me zan ce?"

"Ki ce komai ban da wannan."

"Ai lob cildiren," na ce mata.

Na ji tana dariya har da tari. Na miƙa wa Felicity wayarta, na hau babur, na dafa kafaɗar Zulkifilu.

"Kada ka kwance jakar. Gwarinpa za mu."