Farin Tef a Bakin Bututu

"Ba ta nan ba, 'yata. Baibai kike naɗawa. Warware ki sake."

Mai ɗinki tana durƙushe a ƙarƙashin wurin wanke-wanke na kicin ɗinta, gwiwoyinta a jiƙe, farin tef ɗin gyaran famfo ya nannaɗe mata yatsu. A bayanta, kan kujerar roba, maƙwabcinta ne zaune, tsohon da duk gidan benen ke kira Baban Famfo. Ƙofarsa na kallon tata. Duk bututun da ke ginin nan ya san hannunsa, amma tun da ciwo ya kama shi hannun ya daina jin magana, ko kofin shayi sai ya tallafe da biyu.

"Baba, da ka bari na kira wani. Kai da aka ce ka kwanta."

"Ki kira wa? Waɗannan da ke cusa leda a bakin bututu? Ina numfashi ba za a yi wannan abin kunya a hawana ba. Kankare tsohon tef ɗin tukuna, ki goge wurin ya bushe."

Ta kankare da farce, ta goge da tsumma.

"Yauwa. Yanzu dubi haƙoran bututun. Bar na farko, kada ɓarɓashi ya shiga ruwa. Inda za ki murɗa kan famfon, nan tef zai bi. In kika saɓa, kina ɗaurewa yana warwarewa."

Ta fara naɗi. Tef ɗin santsi gare shi, ga laushi kamar fatar madara. Ta zagaya, ta ƙara, ta ƙara.

"Ke, ya isa! Bututu ne, ba mai karaya ba. Uku ko huɗu, ki ja shi ya kwanta."

Dariya ta ƙwace mata har ta buga kai da bututun. Shi ma ya fara, sai tari ya sarƙe shi. Ta jira ya lafa, ba ta waiwaya ba, don ta san ba ya son a kalle shi a irin wannan hali.

Da ta murɗa kan famfon da hannu, ya miƙo mata sifana. "Kaɗan kawai. Wanda ya cika matsewa shi ke fasawa." Ta buɗe ruwa. Suka zuba wa mahaɗar ido, ita a ƙasa, shi ya sunkuyo har numfashinsa na taɓa ƙeyarta. Ta shafa da yatsa, ta nuna masa. A bushe.

Ya jingina da kujera, ya lumshe ido. Can ya ce, "Gobe 'yar cikina za ta zo ta tafi da ni gidanta. Na gaji da musu."

"Ai gara haka, Baba. Ka huta, jikoki su yi ta hawa kanka."

"Hmm. Na hawan ƙasa ma famfonsu na ɗiga. In sun yi magana ki leƙa musu. Kin iya yanzu."

Ta so ta ce ita ɗinki ta sani, amma ta ga yadda yake kallonta, sai ta ce to.

Washegari da hantsi mota ta zo. Maza biyu suka sauko da shi a kan kujera, yana yi musu faɗa su lura da kwanar matakala. A bakin ƙofa ya ɗaga mata hannu, ya ce kada ta bar yara su riƙa lilo da kan famfo.

Bai yi mako a can ba. Tana kan keken ɗinki tana haɗa hannun wata riga wayarta ta yi ƙara. Muryar 'yarsa ce, a dushe: "Yaya, Baba ya cika ɗazu. Ya ci abinci, ya ce a gyara masa matashi, shi ke nan." Mai ɗinki ta ɗauke ƙafarta daga keken. Ta yi masa addu'a a hankali, ta ajiye rigar, ta tashi ta sanar da sauran maƙwabta.

Bayan an share makoki 'yar ta dawo kwashe kayan ɗakin. Mai ɗinki ta taya ta ninke riguna, suka ɗaure kwanuka a kwali, masu ɗaukar kaya suka fita da gado da kabad. Da ɗakin ya zama wayam, 'yar ta tsaya da makulli a hannu, ta kasa fita.

"Yaya, ɗan zauna da ni kaɗan."

Suka zauna a ƙasa, bayansu jingine da bango. An cire labule, rana ta shigo har tsakar ɗakin, ta sauka a kan tabo huɗu da ƙafafun gadon suka bari a siminti.