Gwangwanin Mama Vlasta

Ruwan zafi na tsiyaya daga ƙarƙashin motar yana bin hannun Lonnie Marek har cikin hammata, shi kuwa bai fasa ba. Tun da safe ya ɗaga Buick ɗin sama yana bin ta lungu-lungu da mesa, baƙar laka na zubowa guntu-guntu tana bin kwata. Ƙirar 1958 ce, shuɗiya, doguwa kamar kwalekwale, kuma Ostareliya za ta. Mutanen can ba sa wasa da ƙasar wani wuri. In suka ga ƙwayar ciyawa ɗaya ko ɗan dunƙulen laka a jikin mota, sai su tsare ta a bakin ruwa har mai saye ya fara zagin uwar mai sayarwa. Shi ya sa duk motar da za ta can sai an yi mata wanka irin na gawa.

Cikinta ma ya riga ya kwashe. Carbin da ke rataye a madubi, wani tsohon bargo, da wani gwangwanin kofi da ya tarar a but, a gefen tayar ko-ta-kwana, cike da ƙasa. Ya yi tsaki, ya juye ƙasar a kwata, ya bi ta da ruwa, ya jefa gwangwanin a bola. Tsofaffi da tarkace!

Yolanda Trevino, abokiyar kasuwancinsa, ta leƙo daga ofis da waya a kunne.

"Lonnie, mai tirela ya taso daga Houston da kwantena. Wanka kake mata ko aure za ka yi da ita?"

"Saura tayar baya ɗaya."

"Tun ɗazu saura tayar baya ɗaya. Wayarka ma ta ishe ni da kuka, zo ka ɗauki abarka."

Ya goge hannu a wando ya karɓa. Ya dubi sunan mai kiran. Mama Vlasta Kubala ce, matar marigayi Emil, mai motar.

A nan sai an faɗi gaskiya game da Lonnie. Ba mugun mutum ba ne, yana zuwa coci, yana gyara wa matan da mazansu suka rasu mota kyauta. Amma sana'arsa ita ce bin ƙauyukan Texas yana leƙa rumbuna da garejin tsofaffi, ya sayi motocin da suka kwanta, ya tura wa masu marmarinsu a ƙetare. Kuma masu wannan sana'a suna da wata magana guda da suke faɗa wa kowace tsohuwa in ta fara shafa jikin mota tana hawaye: ni zan riƙe ta da kaina. Ya faɗe ta ga Mama Vlasta a teburin kicin ɗinta, bakinsa cike da kolachi, wani burodi mai zaƙi da ta toya masa. Har ya ƙara da nasa gishirin, ya dafa ƙirji ya ce motar ba za ta bar gundumar ba, shi zai tuƙa ta a faretin bikin coci. Wata bai cika ba wani mutumin Ostareliya ya ga hoton motar ya haukace, Lonnie ya sayar masa.

"Mama, barka da rana."

"Lonnie, ɗana, kai ne? Sun kawo ni gidan tsofaffin nan, ka ji ko? Abincinsu ba gishiri, kofinsu kamar ruwan wanki. Ya motar Emil?"

"Tana nan lafiya, Mama. Yanzu haka ma ina tare da ita."

"Madalla. Na manta ban gaya maka wani abu ba, kan nan nawa ya zama rariya. Akwai gwangwanin kofi a but, ka gan shi?"

Lonnie ya dubi kwata. Ruwa na ta wucewa abinsa.

"Na... na gan shi."

"To kada ka taɓa shi. Ƙasar gonarmu ce. Ranar da muka sayar wa mutanen nan masu gina ɗakunan ajiya, Emil ya je bakin rijiya ya cika gwangwani biyu. Ɗaya mun zuba a kabarinsa, Fada limamin cocinmu na tsaye. Wannan nawa ne. Da gangan na bar shi a motar, don na san tana wurinka ba inda za ta. Ranar da na tafi, kai za ka kawo shi maƙabarta a cikinta, ka ji? Kada ka bari 'ya'yan nan nawa su riƙe, Darlene ko tabaranta ba ta san inda take ajiyewa ba."

"To, Mama."

"Amma yau raina ya biya. Ka zo da yamma ka tsayar da ita a bakin taga in gan ta, ka shigo min da gwangwanin in ɗan taɓa."

"To, Mama," ya sake cewa.

Ya kashe wayar. Sannan ya ruga bola ya tsamo gwangwanin daga cikin tsummokaran mai. Ɗan abin da ya maƙale a gindinsa bai kai cokali ba. Ya durƙusa ya ɗaga murfin kwata, ya tarar da baƙin taɓo mai warin man inji, wankin motoci ne na shekara da shekaru, daga Oklahoma, daga Kansas, daga ko'ina. Ko kare ba za a binne da shi ba.

"Me ka yar a cikin kwatar?" in ji Yolanda daga bayansa.

Ya gaya mata. Yolanda mace ce da ba ta rasa amsa, amma wannan karon sai da ta toshe baki da hannu.

"Wayyo Allah, Lonnie. Ka zubar da kabarin tsohuwa a kwata."

"Na gode da kika tuna min."

"To je ka gonar ka ɗebo wata mana."

"Wace gona? Kin bi ta wurin kwanan nan? Sun kankare ƙasar sama sun tafi da ita, sun zuba jar tsakuwa, sun malala siminti har bakin titi. Rijiyar ma yanzu wurin juyawar manyan motoci ne."

"To ɗebi ta bayan garejin nan. Ƙasa ƙasa ce, wa zai sani?"

Ya yi ƙarya da baki sau ba adadi, amma wannan sai ya ji hannunsa ba zai iya ba. Ya koma ƙarƙashin motar yana kallonta kawai, tas take, tana ɗiga. Sai idonsa ya kai kan tayar bayan da bai wanke ba. A kogon da ke samanta akwai laka daskararriya, kauri kamar tafin hannu, ta bushe ta zama dutse. Emil Kubala bai taɓa kai motar nan nesa ba. Daga gona zuwa coci, daga coci zuwa gona, a kan hanyar nan ta baƙar ƙasa da ta ratsa audugarsa, tun Lonnie bai zo duniya ba.

Ya kashe ruwa. Ya ɗauko sukundireba da cokalin da yake shan miya da shi, ya tara gwangwanin, ya shiga kankara a hankali kamar mai cire ƙaya. Yana yi ƙura na zuba masa a ido. Da ya gama ya murmushe dunƙulen da yatsu, ya tsince abin da ya iya tsincewa na tsatsa. Ƙasar ta tsaya a rabin gwangwani, ko ƙasa da haka.

Ƙarar tirela ta cika filin. Yolanda ta zo ta tsaya kusa da shi, ta sassauta murya.

"In kana so in kira mutumin Ostareliyan in ce an fasa, faɗa min yanzu. Zai yi ihu, sunanmu zai ɓaci a wurinsu, jirgin ruwan gobe zai tafi ba mu. Amma kalma ɗaya ce."

Lonnie ya dubi motar, ya dubi kwantenar da direba ke buɗewa. Ya so ya faɗi kalmar, Allah ya sani ya so. Sai dai ya tuna mutumin yana da abokai uku da ke jiran ganin yadda wannan za ta iso kafin su yi odar nasu. Ya ajiye gwangwanin a kan benci, ya kunna mesa, ya wanke kogon tayar har ƙarfe ya fito fes. Shi da kansa ya zuƙe man tanki, ya cire kan batir, ya tura ta ciki tare da direba, ya ɗaure tayoyin huɗu. Da aka rufe ƙofar kunya ta kama shi irin wadda rabonsa da ji tun yana yaro.

Da la'asar ya isa gidan tsofaffin a tsohuwar akori-kurarsa. Ya yi fakin can baya, inda taga ba ta gani.

Ya tarar da ita a keken guragu, an juya ta tana fuskantar taga, ta sa rigar zuwa coci har da ɗan kunne. Ta ƙara ƙanƙancewa tun rabonsa da ita.

"Ban ji ƙararta ba," in ji ta. "Motar Emil tun daga kwana ake jin ta."

"Tana... an yi mata wanki ne yau, Mama. Ba ta gama bushewa ba."

"Au, to. Zauna mana, ka tsaya min a kai kamar ɗan sanda. Ga kolachi nan Darlene ta kawo, na kanti ne, amma ci."

Ya zauna, ya miƙa mata gwangwanin da hannu biyu. Ta karɓa, hannunta ya ɗan yi sama, don ta shirya wa nauyin da ba ta samu ba. Ta buɗe murfin, ta sa yatsu ciki, ta ɗebo kaɗan ta kai hanci ta lumshe ido.

"Ita ce," ta ce a hankali. "Ƙasarmu ce. Haka take yi in an yi ruwan farko."

Lonnie ya saki numfashin da ya riƙe tun daga gareji.

Ta ci gaba da murza ƙasar a tafin hannu. Can sai yatsanta ya tsaya. Ta ɗago wani ɗan abu ta kai shi kusa da tabarau, ɓallin tsatsa ne kamar farce, gefensa ɗaya da shuɗin fenti. Ta juya shi, ta sake juyawa.

"Har ƙarƙashinta ka wanke ke nan."

"E, Mama."

"Ikon Allah. Emil shekara hamsin yana kai ta fareti, sama kawai yake gogewa. Wa zai leƙa ƙarƙashin mota a fareti?" Ta dube shi ta saman tabarau. Duk gundumar an san irin motar da Lonnie Marek yake wanke wa ƙarƙashi, da inda take zuwa bayan nan.

"Mama, ni dai..."

"Da nisa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ostareliya."

"Ostareliya," ta maimaita, kamar tana ɗanɗana sunan. Ta juya ta dubi filin fakin ɗin da ke bayan taga, inda babu komai sai motocin ma'aikata. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Ya zauna yana jira ta zage shi, ta kira sunan mahaifinsa, ta ce ya fita. Ita kuwa sai ta kakkaɓe tafinta cikin gwangwanin a tsanake, ba ta bari ƙwaya ɗaya ta faɗi ƙasa ba. Ɓallin fentin ma ta mayar da shi ciki ta danne murfi.

"Ba ka ci kolachin ba," in ji ta.

Ya ɗauki ɗaya ya gatsa.

Da ma'aikaciya ta leƙo ta ce lokacin magani ya yi, ya miƙe yana murza hularsa.

"Mama, ranar da... in lokacin ya zo, ni zan kawo shi maƙabarta. Da hannuna. Na yi miki alkawari."

Ya miƙa hannu zai karɓi gwangwanin. Mama Vlasta ta jawo shi jikinta, ta rufe shi da gefen bargon da ke cinyarta, ta ɗora hannu biyu a kai.

"A'a, ɗana, kada ka wahalar da kanka," in ji ta. "Darlene za ta riƙe."